Ranar da Jirgin Fokke Ya Dawo

"Tura mana, Gesine. Ko ƙarfin naki a baki ya ƙare?"

"Ka yi min shiru, tsoho, ko in kifar da kai a kwata."

A keken hannun da nake ɗauko kwal na shimfiɗa bargo na ɗora shi. Shekara tara muna ɗaki da ɗaki a Bremerhaven, tarinsa ma na haddace. Likita ya ce ba zai kai Lahadi ba, shi kuwa Fokke ya kafe sai ya ga jirginsa da ya shigo tashar jiragen ruwa da safen nan. Na gaji, gwiwoyina na ciwo, amma wa yake da shi in ba ni ba?

Jirgin dakon kofi ne a da, Fokke na cikin masu kula da injinsa. Da yaƙi ya zo sojan ruwa suka karɓe shi, suka shafe sunansa suka ba shi lamba, suka cika cikinsa da duro marasa komai don kada ya nutse. Aikinsa ya shige gaba ya taka nakiya, na baya su wuce lafiya. Bayan yaƙi Girkawa suka saye shi.

Muna gangara ya ce, bai ko waiwayo ba, "Ina da ƙane mai suna Tjark. Ni na samo masa aiki a jirgin. Ranar da nakiya ta fasa mu, ruwa na shigowa, aka ce in rufe ƙofar ƙarfe. Yana ciki. Ya yi ta bugawa, Gesine. Ko sau ɗaya ban amsa masa ba."

Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin tsiwar da na yi masa.

Jirgin ya sha baƙin fenti da baƙon suna, amma Fokke bai yi lalube ba. "Gaba kaɗan. Gaba. Nan." Wani ƙaton faci ne na walda daf da ruwa, inda nakiyar ta fasa. Hannunsa bai kai ba, sai ya miƙa sandarsa, ni kuma na riƙe masa kwalar riga. Ya buga sau uku.

Shiru. Can daga ciki aka amsa, ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Na san wani ma'aikaci ne mai kankare tsatsa ya yi wasa. Na buɗe baki, na ga fuskar tsohon, na haɗiye maganata.

"To," ya ce. "Kai ni gida."

Hawan ya fi gangarar wuya. Wajen shagon burodi na ji sandar ta zame tana jan ƙasa. Na kira shi sau biyu kafin na gane ya cika. Sai na ja bargon na rufe masa kafaɗu, na ci gaba da turawa a hankali, ina kauce wa ramuka. An fara yayyafi.