Minti Ashirin na Baba Mai Agogo

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya. Wannan ɗin ma sau uku ina yaga shi.

"Ƙarfe goma sha bakwai!" in ji Dogo.

Baba Mai Agogo ya ajiye kwalin da ya zana wa lambobin agogo, ya dafe kai. "Goma sha bakwai? A garin su wa? Kai dai tsawo aka ba ka, aka manta da sauran."

Mu shida ne a kan tabarmarsa, duk yaran layinmu. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a bakin kasuwa, da idonsa ya ƙi sai ya dawo gida ya ɗora mana karatun agogo. Kullum daga ƙarfe huɗu, ba mai tashi sai agogon bangonsa ya buga biyar.

Ya laluba hannayen kwalin da yatsa. "Ke 'yar tela, gajere yana kan uku, dogo yana kan shida."

"Tara, Baba."

"Lissafi na ce ki yi min? Ya Allah, me na yi wa iyayen yaran nan?"

"Baba, ai akwai waya," in ji 'yar tela.

"Ranar da cajinta ya ƙare sai ki tambayi kakarki."

Ni tun makon farko na gane abin. Amma da ya ce "Malama Shiru, ke fa?" sai harshena ya ɗaure, in ce ban sani ba. Ya yi tsaki ya wuce ni.

Dogo ne ya gano na iya, shi kuma ya kawo shawarar. Ranar da Baba ya zagaya bayi, suka riƙe min kujera, na hau na buɗe gilashin agogon, na tura dogon hannu gaba minti ashirin. Kwana uku muna tashi da wuri, su Dogo suna yi min kirari.

Rana ta huɗu muka tarar da shi a kwance, yana tari. Daga kan gadon ya yi mana karatun. Agogo ya buga biyar, muka zabura.

"Ku zauna, ja'irai! In biyar ta yi, rana tana sauka a kan ƙafata ta tagar nan. Ina take?"

Muka dubi ƙafarsa, ba rana a kai.

"Kwana uku kuna sa ni shan magani kafin lokacinsa." Ya yi tari, ya huta. "Ba duka zan yi ba, ina ma ƙarfin? Wanda ya tura agogon nan minti ashirin cif, ya iya agogo. Wata biyu ina ɗibar ruwa da kwando. Ku gaya min ko ɗigo ɗaya ya tsaya. Wane ne?"

Dogo ya mintsine ni. Na ƙura wa babban yatsan ƙafata ido. Wallahi na buɗe baki, iska ce kawai ta fito.

"To, aljani ne ke nan. Ku tashi ku ba ni wuri. Kuma kar wanda ya taɓa shi, wanda ya ɓata shi ya zo ya gyara."

A gida na rubuta abin da zan faɗa masa a bayan littafina, na haddace. Washegari da na dawo daga makaranta, na tarar da takalma jibge a ƙofarsa.

Babban ɗansa yana ta gaya wa masu gaisuwa, "Sha ɗaya da minti goma ya cika, agogonsa na duba. Kun san shi, ba ya kuskure."

"Allah ya jiƙansa," suke cewa.

Sha ɗaya saura minti goma ne. Na sani, kuma a nan ma ban iya cewa komai ba. Haushin kaina ya ishe ni har na ciji leɓe.

Da la'asar mata suka cika tsakar gida, ɗakinsa ba kowa. An naɗe katifar, kwalin yana jingine da bango. Na ja kujerar, tana rawa don ba mai riƙe min, na hau na buɗe gilashin. Na dawo da dogon hannu baya a hankali, ina ƙirgawa ƙasa-ƙasa: biyar, goma, sha biyar, ashirin.

Na mayar da kujerar inda take. Rana ta fara taɓa ƙafar gadon. Na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta bayan labule na fice.