Jar Tuta a Hanyar Kanal

Shekarar da aka haƙa babban kanal na ruwan Bakolori, ƙauyenmu da ke kusa da Garbadu ya koma kamar tsibiri. Kanal ta gabas, fadama cike da ruwan damina ta yamma. Tsohuwar turbarmu ta zuwa Talata Mafara ta nutse. Hanya ɗaya ta rage, wadda masu aiki suka yi da jar ƙasa a gefen kanal, kuma mota ɗaya kawai take ɗauka. Idan tifa ta shigo da duwatsu, ko akuya ba ta da wurin raɓewa.

Shi ya sa aka ajiye mutum biyu da tutoci a kan dogayen gorori. Hamma yana can bakin hanya ta wajen Mafara, maigidana Ɗanasabe yana nan ta wajen ƙauye. In ɗaya ya ɗaga kore, ɗayan ya ɗaga ja. Tsakaninsu akwai kwana inda wata kuka take tare wa direba gani.

Wata Talata da hantsi na kai wa maigidana kunu. Watanmu biyar da aure. Na same shi yana riƙe da ciki.

"Taiba, Allah ya kawo ki. Riƙe min wagga tuta in kewaya bayan gonar can. Waken jiya ne."

"Ni? In mutane suka zo, mi zan ce musu?"

"Ba ki cewa komai. Hamma ya saki tifa. Ki ɗaga ja, kar ki sauke ko Sarkin Musulmi ne ya zo."

Ya ruga. Na tsaya da gora a hannu. Ni ko a gidan suna ba na iya ɗaga murya. Ina jin rurin tifar can nesa, ina addu'a kar kowa ya ɓullo.

Sai ga surukina, mahaifin maigidana, yana jan jan bijiminsa zai kai kasuwa. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa faɗin sunansa ba. Ƙanena ma sunansu ɗaya, tun ranar aurena na koma ce masa Mai Sunan Baba. In muka yi kiciɓis a zaure, na durƙusa, shi kuma ya kau da kai ya wuce. Haka aka koya mana, mu duka.

Jikina bai tsaya shawara da ni ba. Ina ganinsa na zube ƙasa na sunkuyar da kai, tutar ta kwanta cikin ciyawa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, lafiya lau," ya ce, fuskarsa tana kallon fadama. Bai dube ni ba, balle abin da ke hannuna. Ya ma ƙara sauri don kar ya takura ni, ya hau hanyar kanal shi da bijiminsa.

Sai da na ga ƙafafunsa sun yi nisa na tuna. Na miƙe na ɗaga tutar, amma bayansa kawai nake gani. Ƙurar tifar ta riga ta taso ta bayan kuka.

"Baba," na ce. Ni kaina da kyar na ji.

"Baba!"

Bai waiwayo ba. Kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, kuma ko ya ji, a ƙauyenmu kowane tsoho Baba ne. Na duba wajen gona, babu Ɗanasabe. Na fara gudu da gorar, zanena yana harɗe ni, takalmina ɗaya ya fita. Hagu ruwan kanal yana gudu, dama gangare ne zuwa fadama. Bijimin ya ji ƙarar inji ya fara tirjewa, Baba ya naɗe igiyar a hannu yana ta ja, kansa a ƙasa. Na san ba zan cim masa ba.

Na tsaya na cika ƙirjina da iska.

"Abdulhamid! Abdulhamid! Saki igiya!"

Ya juyo kamar an mare shi. Ya gan ni, ya ga jar tuta ina kaɗawa sama, sannan ya dubi gabansa. Kan tifar ya fito daga kwana. Ya warware igiyar, bijimin ya gangara fadama, shi ma ya bi shi da zama, ya sulale cikin taɓo. Direban ya hango tutar ya taka birki, motar ta yi ta jan ƙasa har ta wuce daidai inda Baba yake tsaye ɗazu, sannan ta tsaya.

"Ke! Wa ya ba mace tuta?" direban ya leƙo yana ihu. "Ina mai tutar?"

Ɗanasabe ya iso yana haki, ya sauka ya kamo mahaifinsa. Baba bai ji ciwo ba, sai rigar kasuwarsa da ta ɓaci. Ni kuwa na durƙusa a tsakiyar hanya, na ja mayafi na rufe fuska. Masu zuwa kasuwa sun taru, duk sun ji abin da ya fito daga bakina. Na san kafin azahar labarin zai kai gidanmu.

Na ji takun Baba ya tsaya kusa da ni. Da ya yi magana, da ɗansa ya yi, kamar kullum.

"Ɗanasabe, tun da uwata ta rasu ba wanda ya kira ni hakanga. Ka gaya wa ɗiyata ban ji komai ba, ƙarar mota ta yi yawa." Ya kakkaɓe taɓon rigarsa. "Kuma ka gaya mata, in tuta tana hannunta, kar ta sake durƙusa min."

Ya tafi kamo bijiminsa. Ɗanasabe ya miƙo hannu zai karɓi gorar, sai da ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.