Sunan da Ikilima Ba Ta Faɗa

Murja ta gama toya wainar kisrar da take kaiwa shagon ’yan Sudan a bayan masallacin Ƙiblatain na Madina, ta goge hannu a gefen zani, ta jawo kujera ta dasa a gaban ƙanwarta Ikilima.

"Yauwa. Daga yanzu ni ce Baturiyar ofishin jakadanci. Gyara zama. Ina sunan ɗanki?"

Ikilima ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba Yaya."

"Babu Yaya a nan. Sunansa."

"Ai kin san shi."

Murja ta tafa hannu. Ka ji mata! Jibi za a kira matar nan Jidda a yi mata tambayoyi, amma har yanzu "kin san shi" take cewa.

Yaron da ake magana Lurwanu ne, ɗan farin Ikilima. Tun a garin Wad Madani na Sudan, ranar da aka yaye shi, aka kai wa Murja riƙo, ita da Allah bai ba haihuwa ba. Ita ta goya shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita yake kira Umma. Ikilima kuwa kunyar ɗan fari ta riƙe ta irin ta mutanen da: ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaronki" ko "wancan mai kunnuwan".

Da yaƙi ya ci garin, matan biyu suka samu suka iso Madina, shi kuma ya bi ta Libiya ya haye teku. Turawa suka ba shi mafaka yana ɗan shekara sha bakwai. Lauyansa, wani Sa'id ɗan Cadi mai jin Hausa, ya kira su a waya ya yi bayani: tunda yaro bai cika sha takwas ba, doka ta yarda uwarsa ta bi shi. Amma uwar da ta haifa. ’Yar uwar uwa ba ta ciki, riƙon da ba kotu ta rubuta ba shi ma ba ya ciki.

Ranar Murja ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta ce a kawo mata wanda ya rubuta dokar ya nuna mata bayan da ya taɓa goya yaro. Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Washegari ta tashi ta dafa shayi ta ce, "Khalas, shi ke nan. Yaro dai kada ya zauna cikin sanyi ba uwa. Ke za ki je."

To ga inda aka tsaya. Lauya ya ce in uwa ta yi ta noƙewa a kan sunan ɗanta, Turawan za su ɗauka ƙarya ce su rufe maganar.

"Su ba su san kunya ba," in ji Murja, ta sassauta murya. "In kika ce ‘yaron Yaya’, shi ke nan, kin kashe mu. Mu sake. Me ba ya ci?"

"Kuɓewa."

"Tabon da ke goshinsa fa?"

"Ya faɗo daga amalanken jaki, ranar babbar sallah. Kina kasuwa."

Murja ta tsaya tana kallonta. Ita kanta ta manta ranar sallah ce.

"Ashe kina kallo, munafuka."

"Kullum," Ikilima ta ce, idonta a ƙasa.

Tausayi ya kama Murja. Shekara da shekaru tana taƙama ita ce uwa, ashe wannan shiru-shirun tana daga gefe tana bin yaron da ido. Ta kama hannunta, hannun da ya yi kaushi da wankin kayan alhazai.

"Wa ya haife shi?"

"Ni."

"Sunansa."

Ikilima ta dubi ƙofa kamar wani zai shigo ya kama ta. Sannan a hankali ta ce, "Lurwanu."

"Baturiyar kurma ce. Ƙara."

"Lurwanu. Ɗana Lurwanu." Sai hawaye, sai dariya, ta faɗa jikin yayarta tana dukan kafaɗarta.

Can ta ɗago. "Yaya, in suka tambayi wadda ta raine shi fa?"

"Sa'id ya ce ba za su tambaya ba. Ba ruwan doka da wannan."

Ikilima ta share fuska, ta gyara mayafi, ta zauna sosai kamar yadda aka koya mata.

"To zan gaya musu ko ba su tambaya ba. Tunda an buɗe mini baki, sunanki ma sai sun ji shi."