Bencin da Eusebio Ya Ƙi

A shekarar da Eusebio ke kan gaba a gwanayen bugun besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, koci ya ce ya zauna a benci ranar wasan ƙarshe, kada ya yi kuskuren bugu makinsa ya sauka. Eusebio ya ƙi. Ya ɗauki sanda ya fita, ya yi ta dukan iska, Nicanor da ke biye da shi ya yi gaba da kofin gwanin bugu na shekarar.

Yanzu duk sun yi furfura, suna zaune suna buga wasan domino a ƙofar kanti a garin San Pedro.

Nicanor ya ce, "Mutumina, da ka zauna, ai da kofin nan yana ɗakinka."

Eusebio ya shafa gwiwoyinsa da suka daina ɗaukarsa. "Ga shi yanzu kullum a zaune nake. Me aka ba ni?"