Bututu Mai Inci Uku

Ticha malamin lissafi ne a sakandare, kuma tun ranar da ya sayi motar nan ta hannu ya sa wa salansarta ido. Injinta mai tarbo ne, wato akwai wata 'yar fanka da hayaƙi ke juyawa, tana cusa wa injin ƙarin iska. A lissafin Ticha, bututun da kamfani ya sa mata ya yi siriri, ya shaƙe ta kamar wuyan riga a jikin mai ƙiba. Ana ba da hutu ya sayo bututu mai inci uku da lanƙwasassun guntaye, ya aro injin walda a maƙwabta, ya ɗaga motar da jak a garejin gidansa.

A makon ne surukinsa ya zo jinyar gwiwa. Tsohon ya shekara talatin da bakwai yana aikin famfo kafin ya ajiye. Likita ya ce ya riƙa zama inda iska ke kaɗawa. Tsohon ya duba gidan kaf, ya ga babu inda take kaɗawa kamar ƙofar gareji, nan ya kafa kujerarsa.

Daga nan yake kallon aikin. Ticha zai auna, ya rubuta a takarda, ya ja layi, yana ɗora zarto sai tsohon ya yi gyaran murya. Ticha ya dakata, ya tambaya ko a kawo wa Baba ruwa. Baba ya ce a'a, a ci gaba da aiki.

Maganar ta kicin take biyowa. Rana ta biyu matar Ticha ta leƙo bayan ta kai wa mahaifinta shayi, ta ce, "Baba ya ce in tambaye ka, wai motar a sama za ta riƙa tafiya?"

Ticha bai gane tambayar ba. Ya ce ta faɗa wa Baba cewa kowace kusurwa ya lissafa ta har zuwa rabin digiri. Ta ce ita ba masinja ba ce, kuma tsakaninsu taku huɗu ne, amma ta kai saƙon. Baba ya ce madalla.

A rana ta huɗu aiki ya ƙare. Ticha ya ɗaure noti na ƙarshe, ya goge hannu, ya sauke jak a hankali. Tayoyin baya na taɓa ƙasa aka ji wani ƙas. Ya leƙa. Lokacin da motar ke sama, tayoyin suna reto, shi ya sa ya ga fili tsakanin ƙarfen da ke riƙe da su da cikin motar, ya bi da bututunsa ta nan. Yanzu nauyi ya sauka, filin ya rufe, bututun ya lotse kamar gwangwanin da aka taka.

Ya daɗe kwance a ƙasan motar. Baba kuwa ya juya kujerarsa yana kallon wata babbar mota da aka ajiye a tsallaken titi, kamar bai taɓa ganin irinta ba.

Daga ƙarshe Ticha ya fito, ya kakkaɓe wando, ya durƙusa gefen kujerar. "Baba, a taimaka mini."

Tsohon ya miƙe da saurin da bai dace da mai jinya ba. Ya sa aka hau da motar kan katakai masu kauri, tayoyi huɗu duka ɗauke da nauyinsu. Ya sa aka ɗauko masa wayar shanya. 'Yarsa ta fito tana faɗa a kan gwiwarsa da wayar shanyarta, ya ce da ita, Auta, koma ciki, sannan ya shimfiɗa kwali ya kwanta kusa da mijinta.

Da wayar ya bi hanyar hayaƙin tun daga bakin tarbo har bambar bayan motar, yana lanƙwasa ta da yatsa, yana barin tazarar yatsu uku daga tankin mai da bututun birki. Suka zaro ta, suka shimfiɗa a ƙasa, a kanta aka yanka kowane guntu. Ya hana kwana mai kaifi ko ɗaya. Ya ce ruwa ba ya son a juya shi da ƙarfi, bai ga dalilin da hayaƙi zai so ba. Ya kuma hana walda gaba ɗaya sai ɗigo-ɗigo, har komai ya zauna a mazauninsa. Ticha ya so ya kawo maganar digiri, sai ya ga takardar lissafin tasa ce Baba ya naɗe ya toshe bakin tarbo da ita saboda ƙura.

Kwana uku suka yi. Da aka gama walda, Baba ya toshe ƙarshen bututun da tsumma, ya sa Ticha ya hura iska da famfon taya, shi kuma yana shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Kumfa ta tashi a wuri goma sha ɗaya, duk a waldar Ticha. Baba ya ƙirga su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Ticha ya tuna cewa shi ko ga ɗalibin da ya fi kowa faɗuwa ba ya karanto maki haka. Ya sake bin su duka.

Da aka tayar da injin, muryarta ta fito a ƙasa-ƙasa, mai kauri. Baba ya shiga gaba, ya dasa sandarsa tsakanin ƙafafu. A babban titin bayan gari Ticha ya riƙe gudun kilomita sittin, saboda girmamawa.

"Duk wahalar nan don wannan muka yi?" in ji Baba.

Ticha ya taka. Tarbo ta yi fito, kujera ta manne musu a baya, sandar ta zame ta bugi ƙofa. Suka isa shataletale. A nan Baba ya ce a juya a sake, bai ji da kyau ba. Sau uku suka sake.

A gida Auta ta tambayi yadda motar take. Baba ya ce ba laifi, sai dai akwai wata 'yar ƙara ta gefen hagu. Ticha bai ji ƙarar komai ba, amma ya je ya ɗauko kwali. Noti ɗaya ne ya yi sako-sako a marataya ta biyu da ke riƙe da bututun.