Sunan da Na Haɗiye

Zazzaɓi ne ya zaunar da ni a gindin murhu bayan azahar, ina jiran ruwan wankan yamma ya tafasa a tukunya. 'Yata ta fari ta zo wankan gida da jaririnta na fari, kuma tun ranar suna ba ta miƙa hannu ta ɗauke shi don kanta ba. Sai an ɗora mata shi a cinya, ta ba shi nono tana kallon bango. Ba ci, ba barci, ba magana. Duk matar da ta shigo barka sai ta fita tana yabo, wai yarinyar nan akwai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ni kuwa har wani fasa kai nake yi, don tarbiyyata ce. Tun da na haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, iyakata da ita "ke". Na jingina da bango, hayaƙi yana cin idona, kaina ya yi nauyi.

Sai tukunyar ta yi gyaran murya.

"Kulu," in ji ta, "zafina iyakarsa fata. Safe da yamma kina fyaɗa mata ruwana, amma inda ciwon yake ban taɓa kaiwa ba."

Na ce, "Ke da gindinki baƙi ƙirin, me kika sani a kan jego? Lafiyarta ƙalau. Kunya ce."

"To leƙo."

Ina leƙawa na zurma ciki. Ruwan sanyi ƙarara, kuma babu gindi. Na yi ta sauka har na dira a wani tsakar gida wanda ba shi da katanga, tabarmi shimfiɗe har inda ido ya ƙare. A kan kowace tabarma mai jego ce kwance da dutsen niƙa a ƙirjinta, mata sun kewaye ta suna rangaɗa guɗa.

Wata tsohuwa ta dafa kafaɗata. Gwaggo Hurera ce, ungozomar da ta yanke wa 'yata cibi, wadda ta daɗe da rasuwa. Tana riƙe da damin ganyen darbejiya, ruwa yana ɗiga daga jikinsa yana komawa sama.

"Gwaggo, ina ne nan?"

"Zauren waɗanda aka yaba," in ji ta. Ta riƙa nuna su da ganyen. "Wannan an ce haƙuri gare ta. Waccan an ce aljani ne, aka yi ta banka mata hayaƙi. Ta can ƙarshe an ce sangarta ce, a ƙyale ta. Ciwo ne, Kulu, kamar hawan jini, sai dai shi ƙwaƙwalwa yake kamawa, kuma yakan biyo bayan haihuwa. Ni ma sai a nan na sani."

Can na hango tawa. Dutsenta ya fi na kowa. Na durƙusa zan ɗaga, sai dutsen ya yi magana da muryarta, ita kuwa bakinta a rufe.

"Ina kallonsa ba na jin komai sai tsoro. Wace irin uwa ce ni? Da ba ni, da ya samu wadda ta fi ni."

Na sa hannu biyu na ja, na ja har jijiyar wuyana ta miƙe. Wata mata a bayana ta ce, "Allah ya yi albarka, ko kallonsa ba ta yi," sai na ji dutsen ya ƙara nauyi. Na waiwaya zan zage ta, na ga fuskata ce a wuyanta.

Ƙasa ta zame. Tabarmin suka narke suka zama kogin kunun kanwa, yana tafiya a hankali yana tururi. A ƙetare akwai wani farin gini, yana numfashi kamar saniya a kwance. Gwaggo ta shimfiɗa ganyenta a kan kogin muka taka muka haye.

A bakin ƙofar ginin wani likita ne zaune a kan kujera 'yar tsuguno, kunnuwansa kamar faifai, bakinsa ɗan mitsitsi. Mata suna fitowa ta gefensa goye da 'ya'yansu, kowace tana riƙe da dutsenta a tafin hannu, ya koma bai fi goro ba.

Na ce, "Malam likita, ana warkewa?"

"Ana warkewa, in an zo."

"Da me?"

Ya taɓa kunnensa. "Da wannan tukuna. Ta faɗa, a ji, ba wanda zai ce mata ta yi shiru." Sannan ya buɗe hannu, ga wasu ƙwayoyi farare kamar irin shuka. "Sai wannan. Ba ya tsiro rana ɗaya, kuma ba a tonewa don an ga ganye ya leƙo. Addu'arku ma ku taho da ita, akwai wurin zamanta. Ina yarinyar?"

Kafin in amsa, muryoyi suka taso daga kogin, duk na san masu su. Muryar mahaifinta ta ce, mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Muryar dangin mijinta ta ce, asibitin mahaukata, a zuri'armu? Tawa muryar ta ce, a bari dai a gama wanka, za ta ware. Duk muryar da ta faɗo, sai ƙofar ginin ta tsuke kaɗan. Likitan ya sa kafaɗa ya tokare ta, gumi yana zuba daga kunnuwansa.

"Yi sauri," in ji shi.

Na juya. Tabarmin sun dawo, 'yata ta tashi daga tata. Ta goya dutsen da zanen goyon jaririn, ta ɗaure tam, tana tafiya cikin wani fili fetal ba takalmi. Babu komai a filin sai rijiya guda, ba murfi, ba guga.

Na yi ihu, "Ke! Ke, dawo!"

Duk matan da ke kwance suka waiwayo, ban da ita.

"Nan kowa 'ke' ce," in ji Gwaggo Hurera. "Kira ta da sunanta."

Na buɗe baki. Sunan yana nan a maƙogwarona inda na haɗiye shi tun ranar da aka raɗa mata, amma ya yi saiwa. Na sa yatsa na jawo, sai ganyen darbejiya yake fitowa, ɗaci ya cika min baki. Na sake jawowa, ganye. Masu guɗa suka kewaye ni suna tafi, wai ga uwa mai kunya, ga inda 'yar ta gado. Ina kuka suna yabo. Ƙofar likita ta koma kamar ramin tururuwa, kunnensa ɗaya kawai nake hangowa. Ita kuwa ta kai bakin rijiyar, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan dutsen bakin.

Cuuu! Ruwan ya tafaso ya kashe wutar, na zabura na farka cikin toka da hayaƙi.

Jaririn yana tsala kuka. Na yi ɗakin da gudu na yaye labule. Yana kwance a tsakiyar gado, an canja masa kaya, an naɗe shi tsaf, har da kwalli a idonsa, abin da ba ta taɓa yi masa ba. Ita ba ta nan. Takalmanta suna bakin ƙofa a jere. Ƙyauren baya, wanda yake fita gonaki, a buɗe yake yana lilo.

Na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Suwaiba!"

Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga tana dariya. "Lallai yau za a yi ruwa da ƙanƙara! Yaya Kulu, ke ce da kiran sunan 'yar fari?"

Na sake kira. Jaririn ne kawai ya amsa.