Farantin da Ba Gishiri

Maƙwabta cewa suke ba su taɓa ganin tsufa mai daɗi irin na Hedimasta da matarsa ba. Tun da ya ajiye aiki, wata ba ya ƙarewa sai an ga sun kulle gida sun nufi tasha, shi da hular rana da sandarsa, ita da filas ɗin shayi da ledar magungunansa. Yau suna garin da ke da tsohuwar ganuwa, gobe suna na mai hasumiya, jibi sai gidan tarihi.

"Inna, amarci ne ya dawo?" in ji matar mai shagon layinsu duk ranar da ta gan su da jaka.

Inna sai ta yi murmushi ta wuce. Ta ciki na ciki.

Gaskiyar magana, ɗansu suke nema. Auta ne, wanda uban ya ci buri a kansa zai zama injiniya, sai aka wayi gari ya bar karatu ya shiga kicin ɗin wani otel yana yanka albasa. Ranar da labarin ya iso gida, Hedimasta ya kira shi falo, a gaban yayyensa da surukai, ya ce masa abin da hannunsa ya dafa ba zai taɓa shiga bakinsa ba, kuma kar ya ƙara nuna masa fuskarsa. Auta ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya ɗauki kayansa, ya durƙusa ya yi wa uwar sallama, ya fita. Magana zarar bunu ce. Shekaru suka yi ta tafiya, ba waya, ba aike.

Wani direban babbar mota ne ya kawo musu ɗan abin da suka riƙe. Ya ce ya hango shi a wani tsohon gari da baƙi ke zuwa kallo, yana zubar da ruwan wanke-wanke a bayan wani gidan abinci. Wane gari? Ya sosa ƙeya ya ce shi kam garuruwan duk sun haɗe masa. A makon nan Hedimasta ya sayo taswira ya shimfiɗa a tebur, ya ce ai mutum bai kamata ya mutu bai ga tarihin ƙasarsa ba. Bai ambaci yaron ba. Ita ma ba ta ambata ba, don ta san mijinta: gara ya taka ƙasar nan kaf da ƙafa da ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure.

Haka suka raba aikin ba tare da sun yi shawara ba. Safiya tasa ce. Zai tsaya gaban kowane allon bayani ya karanta mata da ƙarfi, har ya gyara wa masu zagayawa da baƙi shekarar da aka gina wuri, kamar an tambaye shi. Ita tana bayansa, ƙafafunta sun kumbura, tana gyaɗa kai. Duwatsu dai duwatsu ne a wurinta. Ta ga kurkukun da, ta ga rijiyar da ba a san zurfinta ba, ta ga wata gada da aka ce ta girmi kakan kakanta, kuma babu ɗaya da ta iya tunawa da kamanninsa, saboda idonta na kan fuskokin masu wucewa.

Da rana ta take, sai aikinta ya fara. Su shiga gidan abinci, ta sa a kawo shinkafa da miyar kifi, ta ɗanɗana. Ita ta koya wa Auta girki tun yana tsayawa a kan kujera kafin ya kai tukunya, kuma ta san hannunsa kamar yadda ta san muryarsa. Albasarsa siririya yake yanka ta kamar zare, kuma yakan kankare ɓawon lemon tsami a miya in ya kusa saukewa. Cokali ɗaya ya ishe ta. In ba shi ba ne, sai ta ture farantin ta ce ta ƙoshi, su tashi su nemi na gaba. Akwai ranar da suka shiga wurare da yawa har Hedimasta ya ce in suka ƙara ɗaya sai dai a ɗauke shi a baro.

Shi kuma cin abincin waje azaba ne a gare shi. Ga hawan jini, ga gyambon ciki, likita ya hana shi gishiri da yaji. Kullum sai ta roƙa a rage, kullum a ce to, kullum a kawo abin da zai sa shi wuni riƙe da ciki. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Wannan shirun nasa ya fi komai ba ta haushi, ya kuma fi komai ba ta tausayi.

Garin da suka je a ƙarshe na bakin ruwa ne, mai wani kangon gidan sarauta a kan tudu. Hawan ya ba su wuya. A rabin hanya Hedimasta ya zauna a kan dakali yana haki, leɓensa ya yi fari, ya ce ta bar shi ya huta. Ta tsaya tana kallonsa, sai ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A ranar ko allon bayani ɗaya bai karanta ba.

"Malam, mu koma gida haka nan," ta ce.

"Mu dai ci abinci tukuna."

Suka gangaro wani lungu suka shiga wurin farko da suka gani. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebura da ledar shimfiɗa mai furanni duk ta ƙoƙe, fanka na juyawa tana ƙara, a bango kuma akwai 'yar taga da ake miƙo abinci daga kicin. Mai wurin, wata mace mai jiki da fara'a, ta zo ta goge musu tebur. Inna ta ce shinkafa da miyar kifi, faranti biyu. Gajiya ta sa ko maganar gishirin ba ta yi ba. Ta sa zuciyarta ta daina tsammani tun da daɗewa, ƙafarta ce kawai ba ta daina ba.

Abincin ya ɗan jima kafin ya fito. Da matar ta kawo, ta ajiye ɗaya a gaban Inna, ɗayan kuma ta zagaya da shi.

"Wannan na Baba ne. An ce kar in haɗa su."

Inna ta kai cokali baki, sai hannunta ya tsaya. Ɓawon lemon tsami. Ta tona miyar, ga albasa nan siri-siri. Ta miƙa cokalin cikin farantin mijinta ta ɗanɗana. Ba gishiri, ba yaji. An ɓare kifin an zare ƙayoyinsa tas, an jera tsokar a gefe, yadda ake yi masa a gida tun ranar da ƙaya ta taɓa maƙale masa a wuya.

"Baiwar Allah, wa ya ce miki kar ki haɗa su?"

"Kukuna mana. Ya leƙo ta taga ya gan ku, ya ce shi zai yi wannan da kansa."

Inna ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Kujera ta faɗi a bayanta. Ta ture labulen kicin ta shiga, matar na biye da ita tana cewa Mama lafiya, Mama ba a shiga.

Tukunya na kan wuta tana tafasa. Wuƙa na kan katako, kusa da rabin lemon tsami da aka kankare. Ƙyallen da Auta yake ɗaurawa a ƙugu yana rataye a ƙusa, ta taɓa shi ta ji da ɗumi. Ƙofar baya a buɗe. Ta fita ta duba dama ta duba hagu, ba kowa sai kwandunan shara da wata kyanwa, lungun kuma ya rabu biyu ya shige kasuwa. Ta kira shi da sunan da take kiransa yana ƙarami, har muryarta ta dushe. Masu wucewa suka riƙa waiwayenta.

Da ta dawo, ta tarar da mai wurin tsaye ta riƙe haɓa.

"Ashe ku ne," matar ta ce a hankali. "Da zai miƙo min farantin ya ce in yafe masa, yau ya gama aiki a nan. Na ɗauka wasa yake."

"Ina yake kwana? Don Allah 'yata, ki kai ni."

"A nan bayan kicin. Jaka ɗaya gare shi, ga shi kuwa ba ta nan." Ta dubi Inna. "Mama, ba yau ya fara ba. Da ya zo neman aiki na tambaye shi me ya raba shi da inda ya baro, wani gari mai gada, ya ce iyayensa ne suka shigo cin abinci. Kafin nan ma haka, a wani garin. Na ce kai kuwa wane irin ɗa ne, iyayenka su zo ka gudu? Ya ce babansa ya ce kar ya sake ganin fuskarsa, kuma sau ɗaya ya taɓa saɓa masa a duniya, ba zai ƙara na biyu ba."

Inna ta dafa bango. Ta tuna garin nan mai gada. Ta tuna wurin da suka zauna suka yi ta jira, aka zo aka ba su haƙuri wai mai girkin ya fita bai dawo ba, ita kuwa har da yin tsaki. Ashe duk wannan yawon ba nemansa suke ba, korarsa suke. Duk inda ya samu ɗan wurin da zai sa haƙarƙarinsa, sai sun zo da hular rana da filas sun tashe shi. Baƙin cikin da ya cika ta bai bar mata ko hawaye ba.

Ta koma ɗakin cin abincin. Hedimasta na nan inda ta bar shi, labulen kicin a yaye, ya ji komai. Tana da maganganu cike da baki da ta tara shekara da shekaru, amma da ta dube shi sai ta rasa ta inda za ta fara. Ta ɗaga kujerar da ta faɗi ta zauna.

Ya jawo farantin gabansa. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan ledar tebur, bai share ba. Mutumin da rabonsa da cinye rabin faranti tun bara, sai ga shi ya cinye tas, ya bi sauran miyar da yatsa ya suɗe.

Sannan ya ɗago ya dube ta.

"Ki gaya masa na ci," ya ce. "Ki ce ya zo in gan shi."

Inna ta kalli ƙofar bayan da har yanzu take buɗe.

"Malam," ta ce, "wa zan gaya wa?"